Igiyar da Na Ɗaura wa Yaya Bitrus

Abin da ake gaya muku game da ranar da kawunku Bitrus ya kusa mutuwa a ruwa ba cikakke ba ne. An ce muku jirginsa ya kwanta, wani tsoho ya nutsa ya tsamo shi. Haka ne, amma an cire ni daga labarin, ni kuwa ina cikinsa tsundum. Kun san ni, ba na iya zagaye-zagaye, don haka ga yadda abin ya faru.

Ina da shekara goma sha tara, na gama sakandare ina zaman jiran sakamako, aka kawo shi gida a kwance. Lokacin ne wayar hannu ta fara shigowa Zuru, sai mutum ya hau tudu yake jin muryar mai kiransa. A unguwarmu babu gidan da ba soja, Baba ma da muƙamin saje ya yi ritaya, saboda haka mun saba ganin an tafi an dawo, ko an tafi ba a dawo ba. Irin wannan dawowar ce ba mu sani ba. Makanike ne a soja, an tura su wata ƙasa raba faɗa, harsashi ya same shi a ƙashin baya. Daga ƙirji zuwa ƙasa ba ya motsi, ba ya kuma jin komai, ko allura ka soka masa. In an zaunar da shi ba a tokare ba, sai ya sulale gefe kamar buhun da ba a cika ba. Mama bayanta ya riga ya lalace da noma, sauran yayyena suna bariki, sai aikin ya faɗo kaina. Ni ke ɗaga shi, ni ke yi masa wanka, ni ke juya shi. Kuma ni ke ɗaure shi. Hanyar cocinmu duwatsu ce, in ban ɗaure shi a keken ba sai ya zube. In za a kai shi asibiti a kabu-kabu, sai na haɗa shi da mai mashin na tamke. Igiyar rama nake sawa, da ƙullin dami, wanda Mama ta koya mini tun ina ƙarama. A wurinmu, damin dawar da ya kwance a hanyar gangarowa daga dutse abin kunya ne ga wadda ta ɗaure shi, sai a shekara ana yi mata tsiya. Ni damina bai taɓa kwancewa ba, kuma ina alfahari da haka.

Yaya ya dawo da wani littafin rubutu mai baƙin bango. Da farko na ɗauka addu'o'i ne. Ranar da na buɗe sai na ga zanen jirgi, shafi bayan shafi, da lissafi a gefe. Ya ce a asibitin da aka kwantar da shi a Ikko tagarsa tana kallon ruwa, kullum da yamma yana ganin ƙananan jirage marasa inji, iska ke tura su. Wata rana ya ga an ciro wani mutum daga keke irin nasa an saka a ɗaya daga ciki, mutumin ya tafi shi kaɗai, ya ma wuce masu ƙafa. Tun daga ranar yake zane.

Da ya gaya wa Baba, Baba bai ko ɗago daga rediyonsa ba.

"Mu mutanen dutse ne, Bitrus. Ruwan da na sani shi ne na randa."

"Baba, a ƙasa kowa ya fi ni gudu, har agwagwa. A ruwa iska ce ƙafar kowa."

"To Allah ya ba ka iska a nan gindin mangwaro."

Yaya bai daina ba. Akwai wani soja da suka yi jinya gado da gado, ɗan wani ƙauyen masunta a ƙasan Yawuri, wanda ubansa, Malam Ummaru, sana'arsa ke nan haɗa jirage. Wasiƙa ta je, wasiƙa ta dawo, daga ƙarshe Baba ya gaji ya ce a je a gani, ai in ya ga ruwan da idonsa zai dawo hankalinsa. Ni aka haɗa shi da ni. Muka bi ta Mahuta muka fita Koko, muka gangara, ina riƙe da shi a bas kamar tulu. Ni kaina da na ga ruwan sai da na tsaya ina kallo. Ban taɓa sanin akwai ruwan da ba a hango ƙarshensa ba.

Malam Ummaru siririn tsoho ne, ba ya son magana. Ya karɓi littafin ya juya shi sama da ƙasa, ya ce shi bai iya karatun boko ba amma ya ga jirgi. Masuntan wurin sun saba kafa sanda a tsakiyar jirgi su ɗaura mata ɗinkakkun buhunan taki, su ce lema, iska ta kai su ta dawo da su. Sai dai su a tsaye suke aikin, suna tsalle daga wannan gefe zuwa wancan don kar jirgi ya kwanta. Yaya ba shi da tsalle, saboda haka komai sai da aka sake. Suka samo kujerar tsohuwar bas suka kafa ta can ƙasa a cikin jirgin, tana kallon gaba. Allon da ke juya jirgi daga baya aka haɗa shi da wata sanda a gabansa, kamar giyar mota, in ya tura dama jirgi ya yi dama. Duk igiyoyin lema aka jawo su suka ƙare kusa da hannunsa. A ƙarƙashin jirgin suka ɗaure ƙarfen sifirin na babbar mota, mai nauyin gaske, don ya riƙa jan jirgin ya tsaya daidai. Wata huɗu suna wannan aiki, muna zuwa muna komawa. A nan na fara jin dariyar Yaya tun dawowarsa.

Abin da zai riƙe shi a kujerar kuwa bel ɗin mota ne, irin wanda ake danna jan maɓalli ya buɗe. Malam Ummaru ya ɗinka masa kuma wata riga cike da soso mai tauri. A gabana ya yi bayanin, ba zan ce ban ji ba.

"In jirgi ya kwanta, Soja, ka danna nan. Bel ya sake ka, riga ta ɗago ka, mu tsince ka awa ƙwarya. Ruwa ba ya son abin da aka ɗaure."

Na ji, amma ta wannan kunne ya shiga ya fita ta wancan. Abin da idona ke gani dabam ne. Duk ranar da suka fita gwaji, in iska ta karkata jirgin, sai in ga kafaɗarsa ta zube gefe, bel ɗin ya ɗan saki. A raina na ce wannan ba ɗauri ba ne, wasa ne. Shekara biyu ina ɗaure mutumin nan bai taɓa faɗuwa ba, yanzu wani maɓalli ne zai riƙe shi?

Masuntan suna da tseren da suke yi tsakaninsu sau ɗaya a shekara, ranar kasuwa, in iskar farkon damina ta fara kaɗawa. Daga mashaya a kewaya wani tsibiri a dawo, lema kaɗai, ba a taɓa abin tuƙi. Da Yaya ya ce zai shiga, sun yi ta dariya.

"Soja, in iska ta tsaya, da mi za ka tura?"

"In ta tsaya ku ma kun tsaya. Sai mu zauna mu yi hira."

Suka ce ya shigo, ai ba a hana baƙo shan kaye.

Ranar tseren Baba da Mama suka zo, zuwansu na farko. Tun da hantsi iskar take da ƙarfi, ruwan ya yi duhu yana tashi. Mama ta kalli ruwan ta kalle ni, ta ce da yarenmu, a hankali, "Rifkatu, ki tabbata ya zauna da kyau." Ba ta ce in ɗaure shi ba, kar wani ya ɗora mata. Ni ce na zo da igiyar a jakata tun daga Zuru. Aka ɗauke shi aka saka a kujera, ya ja bel ya danna ya ji ya kama. Malam Ummaru yana can gaba yana gyara sandar lema, Yaya kuma ya juya kai yana mayar wa wani masunci baƙar magana. Na durƙusa a bayan kujerar kamar mai gyara matashi. Na zura igiyar ta ƙarƙashin rigar soso, na kewaye ƙugunsa sau biyu, na haɗa da ƙarfen kujerar, na ja har sai da hannuna ya yi zafi, na yi ƙullina a baya. Bai ji komai ba, ba ya iya ji. Na tashi na kakkaɓe gwiwata, raina fes, har ina ce wa kaina yau dai na yi abin kirki.

Jirage bakwai suka tashi. Kafin a kai rabin hanya masu dariya sun yi shiru, don jirgin Yaya yana tafiya a miƙe, ba ya ɓata lokacin tsalle-tsalle. Da za a kewaya tsibirin shi ne na uku. Baba, wanda ya zo da niyyar ɓata rai, na ga ya cire hula yana kaɗawa. Sai iskar ta sauko gaba ɗaya. Na gan ta tana tahowa a kan ruwan kamar an ja baƙin zane. Jirage uku suka kwanta a lokaci guda, har da nasa. Masuntan biyu suka ɓullo nan take, suna furzar da ruwa suna zagin juna, mutanen gaɓa suna dariya. Nasa jirgin lemar ta sha ruwa ta danne shi a gefe, kujerar tana ƙasa. Ina jira in ga rigar soso ta ɗago shi. Ba ta ɗago ba. Hannu ɗaya na gani ya fito, ya daki gefen jirgin, ya koma.

A wannan lokacin na san abin da na yi. Ba daga baya ba, ba da aka yi bincike ba, a take. Kuma ban yi ihu ba. Kullum ina so in ce muku na yi ihu na ce a yanke igiya, amma ƙarya ne. Bakina ya buɗe, babu abin da ya fito. Ina tsaye a cikin ruwa zuwa idon sawu, ban san sanda na shiga ba.

Malam Ummaru yana bin su a baya a jirgin inji. Ya faɗa ruwan da rigarsa. Ya ɓullo shi kaɗai, ya ja numfashi, ya zaro wuƙar da masunta ke ratayawa a ƙugu, ya koma. Wannan komawar ta biyu ban san tsawonta ba, ni dai na ji kamar an yi shekara. Da suka fito da Yaya, kansa yana lilo, leɓensa ya yi fari. Suka kwantar da shi a kan yashi suna danna ƙirjinsa, Mama ta zube ƙasa ba ta ko kuka, sai da ya amayar da ruwa ya yi tari. Maganar da ya fara yi, idonsa a kan Malam Ummaru:

"Na danna. Na danna, bai sake ni ba."

Baba ya ji wannan. Ya taka ya shaƙe wuyan rigar tsohon da ya gama ceto ɗansa, ya sharara masa mari a gaban mutanen garinsu. Matasan wurin suka taso, Malam Ummaru ya ɗaga musu hannu suka tsaya. Bai ce uffan ba. Ni ma ban ce ba.

Mako uku na yi da abin a bakina. Yaya ya warke a jiki, amma ya daina magana, ya daina neman a fitar da shi gindin mangwaro. Abinci sai an yi da gaske. Ba tsoron ruwa ke cinsa ba, da wannan ne da sauƙi. Wata safiya ina goge masa jiki ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Da ƙafa ta tafi na ce ba komai, ina da kai. Ashe kan ma ba ya aiki. Ni na zana kujerar nan, Rifkatu. Ni na zaɓi bel ɗin. Da wani na saka a ciki, da na kashe shi."

Ina jin wannan ina kallon ƙugunsa ta baya, inda igiyata ta bar masa shaida baƙa ƙirin, zagaye biyu. Ba ya iya ganin wurin, ba ya jinsa. Na shafa masa man kaɗanya na ja riga na rufe. Ya ba Mama littafin ya ce ta riƙa hura wuta da shi. Mama, da ke ganin littafin ne ya jawo komai, ta karɓa da murna. Kullum da safe sai ta yage shafi ɗaya ko biyu, ina zaune ina kallo.

Ran nan da azahar sai ga Malam Ummaru a ƙofar gidanmu, ya biyo mota tun daga can da ƙunshin busasshen kifi, ya zo duba mara lafiya. Baba ya ce a gaya masa babu mai shiga masa gida. Ko tabarma bai bari a kai ba. Ni na saci jiki na kai masa ruwa. Ya sha, ya miƙo mini kwanon, ya dube ni sosai.

"Ɗiyata, wa ya koya miki ƙulli?"

Bai jira amsata ba, ya ci gaba.

"Na yi shekara arba'in ina ƙulla igiya, ban ga irinsa ba. Na laluba ban samu bakinsa ba. Sai da na yanka wuri biyu."

"Baba Malam, me ya sa ba ka faɗa ba? An mare ka."

"Mari ya wuce tun ranar. In na faɗa a gaban taron nan, ke mi za ki zama? Ba don wanga na zo ba. Na zo in ji ko yana cin abinci."

"Ba ya ci. Ya ce kansa ne ba ya aiki."

Ya gyara hularsa.

"To wannan ba ni ke da maganinsa ba."

Ya ajiye kifin a dakali ya kama hanyar tasha.

Ban tsaya tunani ba, don na san in na tsaya ba zan yi ba. Na shiga na tura keken Yaya zuwa tsakar gida, inda Baba ke zaune, Mama tana tankaɗe. Na tsaya a gabansu na faɗa, ba ado. Na ce bel bai yi laifi ba, jirgi bai yi laifi ba, tsohon nan bai yi laifi ba. Ni na ɗaure shi da igiyar rama ta baya, da ƙullin dami, bai sani ba.

Rariyar ta suɓuce daga hannun Mama. Na juya ga Baba. Na ɗauka zai tashi ya yi mini abin da ya yi wa Malam Ummaru, har na so ya yi. Sai ya dubi tafin hannunsa na dama, ya daɗe yana dubawa, ya tashi ya zura takalmi ya fita da sauri. Daga baya masu kabu-kabu suka ba da labari, wai sun ga Saje ya cire hula ya durƙusa wa wani masunci a tsakiyar tasha.

Yaya ne ya fi ba ni tsoro, don bai yi fushi irin wanda na sani ba. Tambaya ya fara yi, kamar yana duba inji.

"A ina kika ɗaura? Sama da bel ko ƙasa?"

"Ƙasa. A ƙugu."

"Kin haɗa da ƙarfen kujera?"

"Na haɗa."

"To bel ɗin ya buɗe ke nan."

"Ya buɗe, Yaya."

Ya jingina kai ya rufe ido, ya saki wata 'yar dariya da ba ta yi kama da dariya ba. Sannan ya ce, "Mama, shafi nawa suka rage?" Mama ta tashi ta ɗauko abin da ya saura daga bayan murhu, bai kai rabi ba. Ya karɓa ya ɗora a cinya. Sai a lokacin ya dube ni.

"Igiyar na gane ta, tsoro ne. Amma mako uku kina yi mini wanka kina jin abin da nake faɗa." Muryarsa ko rawa ba ta yi. "Daga yau kar ki ƙara ɗaga ni. Baba zai yi."

Haka aka yi. Baba, da tsufansa, ya koyi ɗaga shi da juya shi. Ni da na yi shekara biyu ina ƙorafin aikin nan ya hana ni zuwa ko'ina, sai ga ni da hannu biyu babu abin yi, ina jin su ta bango suna fama, ba dama in shiga. Bayan girbi Yaya ya koma wurin Malam Ummaru da zama. Suka ɗaura galan a ƙolin sandar lema don kar ta ƙara nutsewa ta danne jirgin. Kujerar kuma ya sa aka rufe bayanta da katako sumul, babu ramin da ko zare zai shiga. Ba wanda ya gaya mini dalili, ban kuma tambaya ba.

Da shekara ta zagayo ya sake shiga tseren. Wannan karon ba shi kaɗai ba ne, akwai wasu mutum biyu daga ƙauyukan bakin ruwa, waɗanda cutar shan inna ta nakasa tun suna yara, da suka zo suka ce su ma a yi musu irin kujerar. Na je, na tsaya can nesa cikin mata masu sayar da kifi. Na ga Malam Ummaru ya zagaya da hannu a ƙugun kowannensu kafin a tura su. Yaya ya zo na biyu, wani masunci ya riga shi da tsawon jirgi ɗaya, kuma har yau yana cewa mutumin ya taɓa abin tuƙi a bayan tsibiri. Da aka fito da shi ya hango ni, ya ɗaga mini hannu. Na ɗaga masa.

Kar ku ce bai yafe mini ba. Ya yafe, da bakinsa ya faɗa, shi ya zauna a matsayin uba ranar aurena da Baba ba ya da rai, kuma kun ga yadda yake ji da ku. Muna hira, muna faɗa, yana yi mini tsiya kamar da. Amma ku lura in mun je gaishe shi. Duk inda na tsaya a ɗakin, sai ya sa hannu a taya ya juya keken a hankali, yana ci gaba da maganarsa, har sai ya fuskance ni. Tun daga waccan shekarar bai ƙara bari na tsaya a bayansa ba.